Daga Rijiya Zuwa Moɗa: Yadda Ake Gyara Ruwan Sha a Gida

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, sai gadajen asibiti su fara cika da masu amai da gudawa. Ba sammu ba ne, ba kuma iskar damina ce ke kawo ciwon ba. Ruwan sama ne ke wanke bayan gari da juji da kwata, ya cika masai har ya tumbatsa, sannan ya gangara da duk abin da ya kwaso zuwa tafki da rafi da rijiyar da ba a ɗaga bakinta ba. A shekarar 2021 kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, wato NCDC, ta ƙidaya mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna.

Maganar ba ta da daɗin ji, amma gara a faɗe ta ƙarara. Kwalara da zazzaɓin taifot da atuni da shan inna da wani nau'in shawara mai kama hanta, duk hanyarsu ɗaya ce: bayan gidan mai ciwo ne ke samun hanyar shiga bakin mai lafiya, kuma galibi ta ruwa yake bi. Irin wannan shawarar ce ta ɓarke a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar a 2017, inda ta fi yi wa mata masu juna biyu illa.

To, ya kai mai karatu, yaya kake gane ruwan da ya kamata ka sha? Yawancinmu ɗaga kofi muke yi mu duba. In ya yi garau, ba wari, ba ɗanɗanon komai, sai mu yi bisimilla mu kafa kai. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam bai sani ba, domin ƙwayoyin cutar da ake magana sai da madubin likita ake ganin su, kuma ba sa canza wa ruwa kama. Malamanmu sun karantar da mu tun muna yara cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukuncin ibada ne, kuma daidai yake a muhallinsa, amma ba shaidar likita ba ce cewa ruwan ba zai kwantar da yaro ba.

Na san abin da wani dattijo zai ce: "Ai rijiyar nan tun kaka da kakanni ita muke sha, me ya same mu?" Baba, Allah ya ƙara girma, amma a tambayi tsofaffin matan gidan, 'ya'ya nawa suka haifa, nawa suka tsallake yaye? Mu da muke raye mu ne waɗanda suka tsira, waɗanda ba su tsira ba kuwa ba su nan balle su ba da shaida. Ban da haka, garin jiya ba shi ne na yau ba. A da rijiya na gabas, masai na can yamma, fili a tsakani. Yau an yanka gida ɗaya gida huɗu, kowa ya haƙa rijiyarsa da masansa, har ka tarar katanga ce kawai ta raba rijiyar wani da shaddar maƙwabcinsa. Ma'aikatan lafiya kuwa suna so a bar tazarar mita 30 a tsakani.

Kafin mu shiga dabarun, a riƙe abu guda, domin nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kwantar da laka aiki ne daban, kashe ƙwayar cuta aiki ne daban. Wanda ya yi na farko ya bar na biyu ya gyara wa idonsa ruwa ne kawai.

Mu fara da tacewa da ƙyalle, kada kuma a raina shi. Duk wanda ya haura shekara arba'in a karkara ya san kurkunu. Ya san yadda ƙafa ke kumbura ta yi ƙuna kamar wuta, yadda farar tsutsa mai tsawon da kan kai mita guda ke leƙowa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni, manomi na kwance a ɗaki ciyawa na cinye masa gona. Da aka bi ƙauye-ƙauye aka ƙidaya a ƙarshen shekarun 1980, an samu masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya, babu ƙasar da ta kai ta a duniya. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwayar sha. 'Ya'yan tsutsar na zaune ne a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa da girmansu bai kai ƙwayar gero ba, mutum ya haɗiye su da ruwan tafki, bayan kamar shekara guda tsutsa ta fito. Abin da aka yi shi ne, aka raba wa gidaje ƙyallen tacewa, aka ba makiyaya da manoma wani ɗan bututu mai rariya su rataya a wuya su riƙa zuƙar ruwa da shi, aka hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafki, aka yi wa tafkuna magani, aka haƙa rijiyoyin burtsatse. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta tsaya a kan aikin, Janar Yakubu Gowon ya zaga ƙauyuka da kansa yana jan hankali. Mutum na ƙarshe da aka gani da kurkunu a Najeriya a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya da Nijar shaidar rabuwa da shi. Yaran yanzu sai dai su ji labari.

A Bangaladash ma an jarraba wannan dabara a kan kwalara. Matan ƙauyuka suka riƙa ninka tsohon zanensu gida huɗu suna ɗaure bakin tulu da shi kafin su ɗebi ruwan kogi. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan, domin ƙwayar cutar kan maƙale ne a jikin ƙananan halittun ruwa, ƙyalle kuwa yana tare su. Tsohon zanen auduga da ya sha wanki ya fi sabo, saboda zarensa ya saki ya toshe kafofin. Sai dai a lura da kalmar rabi. Sauran rabin ƙyallen bai hana shi ba. Kuma a ware ƙyallen don wannan aikin kaɗai, a ɗauraye shi bayan kowace tacewa, a shanya a rana, kada a juya bayansa ya koma ciki.

In ruwan ya yi jawur ko ya yi kauri da laka, ƙyalle kaɗai ba zai iya ba, sai an kwantar da shi. Alimun kowa ya san shi: a kaɗa ɗan gutsure cikin ruwan har a ga laka ta fara curewa, a cire, a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama. Ɗan kaɗan ya isa. In ka ji bauri a harshe, an zarce.

Amma akwai abin da ya fi alimun arha, yana nan tsaye a bayan ɗaki, ganyensa kawai muke tsinka mu yi kwaɗo. Irin zogale nake nufi. Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna gyara ruwa da shi, har wata masaniya, Samia Jahn, ta bi su ta yi nazarin abin tun cikin shekarun 1970. Ga yadda ake yi. Uwargida ta samo 'ya'yan zogale da suka bushe a kan bishiya, ta ɓare baƙin ɓawon mai fukafukai, ta fitar da farar ƙwayar ciki. Kimanin ƙwaya ɗaya ga kowace lita in ruwan ya yi laka sosai, ƙasa da haka in da dama-dama. Ta daka ya yi laushi, ta dama garin a ɗan ruwa mai kyau cikin kwalba, ta girgiza sosai, ta tace da ƙyalle a cikin bokitin. Sai ta juya da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan ta sassauta hannu ta ci gaba da juyawa a hankali kamar minti biyar zuwa goma, ta rufe ta tafi harkarta. In ta dawo bayan awa ɗaya ko biyu, za ta tarar laka ta taru a gindi, ruwa ya yi fari a sama har tana hango ƙasan bokiti. Akwai wani sinadari a cikin irin da ke manne ƙwayoyin laka su dunƙule su nutse, su kuma ja ƙwayoyin cuta da yawa su yi ƙasa da su. Da yawa na ce, ban ce duka ba. Kuma ruwan zogale ba ya son ajiya, a ƙarasa gyara shi a sha a ranar.

Yanzu sai kisan ƙwayar cutar kanta, kuma a nan babu abin da ya kai wuta. Ruwan da ya tafasa yana ɓararraka, aka bar shi minti ɗaya cif a haka, babu kwalara ko taifot ko ƙwan tsutsa da zai rayu a ciki. Ba ruwan da ya fara ƙara a tukunya ba, ba wanda ya fara fitar da 'yan ƙananan kumfa a gefe ba, a'a, wanda yake juyawa. A sauke, a bar shi ya huce da murfinsa. Masu cewa tafasasshen ruwa salam yake ba su yi ƙarya ba, iskar cikinsa ce ta fita. In aka sheƙa shi tsakanin mazubai biyu masu tsabta, ɗanɗanonsa zai dawo. Matsalar tafasawa ita ce itace da gawayi. Gidan mutum goma sha biyar ba zai iya tafasa ruwan shan kowa kullum ba, kuma wanda ya ce lallai sai an yi haka bai san farashin ƙullin gawayi ba. To, a ɗora tukunyar a kan ragowar garwashin tuwon dare a ƙara ɗan itace, a fifita yara ƙanana da mai ciki da tsoho da majinyaci.

Ga sauran jama'ar gida, kulorin ya fi sauƙi. Shi ne sinadarin da ake zubawa a matatun ruwan gwamnati. Tun 1908 birnin Jersey na Amurka ya fara sa shi a ruwan famfo, birane suka bi sahu, taifot ta ja da baya. Duk wanda ya taɓa shan ruwan famfo daga matata ya riga ya sha shi, don haka babu abin tsoro a ɗan warin da ake ji, alama ce ma ta cewa maganin na nan yana aiki. Ana sayar da shi a kemis, akwai na ruwa irin su WaterGuard, akwai na ƙwaya irin su Aquatabs. Ƙwayoyin nan girma-girma ne, wata ta lita ɗaya ce, wata ta jarka guda, saboda haka a karanta abin da aka rubuta a jiki, wanda bai iya karatu ba ya tambayi mai kemis. A zuba, a girgiza, a rufe, a jira minti 30 kafin a sha. Wannan jiran shi ne mutane suka fi karyawa. Wanda bai samu waɗannan ba sai bilic na wanki, zai iya ɗiga ɗigo biyu a kowace lita, in dai ƙarfinsa ya kai kashi 5 cikin 100 kuma ba a haɗa shi da turare ko sabulu ba. Kulorin ba ya jituwa da laka, ita ke shanye ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwayar cuta, shi ya sa ake fara kwantar da ruwan. Akwai kuma wata ƙwayar gudawa mai taurin ɓawo da ba ya iya kashewa, sai wuta. Amma yana da falalar da tafasawa ba ta da ita: ragowarsa kan zauna cikin ruwan ta ci gaba da gadi na wani lokaci.

Sai rana, wadda Allah ya hore mana kyauta har muna kuka da ita. Wani malamin jami'a a Beirut, Aftim Acra, shi ya nuna a shekarun 1980 cewa hasken rana na kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, daga baya masana a Suwizalan suka tsara yadda za a yi a gida. A samu gorar roba mai haske irin ta ruwan sayarwa ko ta lemo, wadda ba ta wuce lita biyu ba, ba mai launi ba, ba wadda ta kakkarce ta yi duhu ba. A cire takardar jikinta, a wanke, a cika da ruwan da ya riga ya yi garau, a kwantar da ita a kan rufin kwano tun da hantsi. Awa shida in rana ta buɗe. In gari ya yi lumshi, ko hazon hunturu ya yi kauri, kwana biyu. Ranar da ake ta sheƙa ruwa kuwa a nemi wata hanya. Don gane ko ruwan ya yi hasken da ake bukata, a tsayar da gorar a kan manyan haruffan jarida a leƙa ta baki. In ana karanta su, ya yi. Ni a ganina wannan ita ce dabarar da aka fi yi wa rashin adalci a ƙasarmu, domin gorunan nan su ne suka toshe mana kwatoci.

Matatar da ake haɗawa a gida da tsakuwa da yashi da gawayi tana gyara launi da wari, amma kada a dogara da ita wajen kashe cuta. Ta kanti mai farin dutse a ciki ta fi ta, muddin dutsen bai tsage ba.

Akwai kuma ɓarnar da duk waɗannan ba sa gyarawa. A garin Tibiri na yankin Maraɗi, wajen shekarar 2000, aka farga cewa ɗaruruwan yara sun tashi da karkatattun ƙafafu da haƙora masu tsatsa. Ruwan da suke sha na rijiya mai zurfi ne, fari tas, amma ƙasar wurin ta cika shi da sinadarin fulorayid fiye da kima. A Zamfara kuma, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Ƙura ce ta fi yin ɓarnar, amma kududdufan da ake wanke dutsen a ciki su ma sun gurɓata. Irin wannan ruwa tafasa shi ƙara masa ƙarfi take yi, domin ruwa ne ke tashi tururi, gubar na nan zaune. In aka ga yaran unguwa guda duk haƙoransu sun rine, ko akwai haƙar ma'adinai ko majema ko marina kusa da rijiya, a kai ƙara ga hukumar ruwa ko ta lafiya a auna, a kuma sauya wurin ɗiba.

To, a ce an yi duk wannan. An tace, an tafasa, an juye a randa. Mu tsaya a gindin randar nan mu ga abin da zai faru. Tana kusurwar rumfa, faifai a kanta, moɗa kife a bisa faifan. Ɗan yaro ya shigo a guje daga wasan ƙasa, hanci na yoyo, bai daɗe da tashi daga kan fo ba. Ya ture faifan ya faɗi, ya cafki moɗa ya zurma hannu har wuyan hannu saboda ruwan ya yi ƙasa. Ya sha, ya mayar da ragowar ciki, ya jefar da moɗar a tsakar gida. Kaza ta zo ta leƙa ta. An jima yayarsa ta ɗauka, ta karkaɗe a jikin zanenta, ta ɗebo wa baƙo. Wanda ya tafasa ruwa ya zuba a irin wannan randa daidai yake da wanda ya wanke farar riga ya shanya a kan juji. Masu auna ruwa sun sha tarar da cewa na cikin gida ya fi na bakin famfo ƙazanta, kuma ga dalilin nan.

Ba cewa nake a fasa randa ba. Randa dukiya ce, tana sanyaya ruwa ba tare da wutar lantarki ba, ta hanyar ɗan gumin da take yi iska na busarwa. Gyara kawai take so. A ɗora ta a kan dakali inda ƙaramin yaro da dabba ba za su kai ba. A yi mata murfin da ya rufe bakin sosai. A raba abin ɗiba da abin sha: ludayi mai dogon hannu a rataye a ƙusa, shi kaɗai ke shiga randa, shi ke zubawa a kofi, baki ba ya taɓa shi. Wanda ya fi wannan shi ne mazubin da hannu ba ya shiga sam, tulu mai ƙaramin baki da ake tsiyayawa, ko bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindi. Da maginan tukwanenmu za su riƙa barin kafar famfo a jikin randa tun tana ɗanya, da sun yi wa lafiyar jama'a hidimar da ta fi jawabi dubu. Kuma kada a riƙa ƙara sabon ruwa a kan tsoho wata da watanni. A juye, a wanke cikin, aƙalla sau ɗaya a mako. A zamanin da, duba-gari kan shigo har tsakar gida ya buɗe randa, in ya ga tsutsar sauro maigida ya sha tara. Mutane sun ji haushinsa, amma randunan lokacin sun san wanki.

Maigida kuma kada ya ce wannan sha'anin mata ne. Shi ke sayen ruwa a wurin mai garuwa. Ya taɓa leƙa cikin jarkar? Yawancinsu gansakuka ta yi kore shar a ciki. Jarkar gida a zuba mata 'yan tsakuwa da ruwan sabulu a girgiza, a ɗauraye sosai. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi kuwa ta haramta ga ruwan sha har abada, komai wankin da aka yi mata. Guga ma a rataye shi, kada a bar shi da igiyarsa cikin caɓin bakin rijiya sannan a sake zura shi. Ruwan sama na farko da ya sauko daga indararo wankin rufi ne, kashin tsuntsu da ƙadangare da ƙurar rani, a bar shi ya wuce kafin a tara. Ruwan leda a duba lambar hukumar NAFDAC, a kuma wanke ledar kafin a kai baki, tun da da haƙori ake huda ta, kuma ba a san hannu nawa ta bi ba. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, adana ta take yi, saboda haka zoɓo da kunun aya da fura ba su fi ruwan da aka haɗa su da shi tsabta ba.

Jariri da bai kai wata shida ba, kada a ba shi ruwa ko kaɗan, ko da a tsakiyar bazara ne. Na san kakanni mata kan ce tausayi, yaro na jin ƙishi. Hajiya, nonon uwa kusan dukkansa ruwa ne, kuma tatacce. Uwar ce za ta sha ta ƙoshi, ta yawaita ba shi.

In kuma duk da haka gudawa ta shigo gida, ba a jira sai ido ya faɗa. A samo ƙunshin gishirin nan na kemis da ake kira ORS a kaɗa kamar yadda aka rubuta. In babu, a auna lita ɗaya ta gyararren ruwa, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba majinyaci kurɓi-kurɓi, ko yana amai a ɗan dakata a ci gaba. Wanda ya kwana a zubar a haɗa sabo. In bayan gidan ya koma fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, a ɗauki kofin a hannu ana ba shi a hanya, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.